Kar ɗin Tahoua Ya Tafi Ba Mourtala

Akwai wani ɗan ƙwallo a garin Agadez mai suna Mourtala. Duk wanda ya taɓa zama a filin wasan garin bayan la'asar a 'yan shekarun nan ya san shi ko ba a nuna masa ba. Dogo ne siriri, mai nimero tara a bayan riga. In ya ci ƙwallo ba ya rugawa wajen abokan wasansa, tsayawa yake cak ya jira su zo su same shi.

Ƙungiyarsa, Jiminar Abzin, a rukuni na biyu take. Shekara uku a jere Mourtala ne ya fi kowa cin ƙwallo a rukunin, shekara uku kuma a jere ƙungiyar tana ƙarewa a tsakiya, ba ta hau ba, ba ta faɗo ba. A wurinsa dalilin a fili yake: shi yana aikinsa, sauran ne ba sa yin nasu.

A farkon kakar bara shugabannin ƙungiya suka kawo sabon mai horarwa, Malam Alkasum. Dattijo ne da ya buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, yanzu kuwa sana'arsa gyaran motopomp, injin ban ruwan da masu lambun Tabelot da Timia ke kawo masa in ya lalace. Mutum ne marar yawan magana, kullum da ɗan baƙin mai a ƙarƙashin farcensa.

Ranar farko ta horo, ya tara 'yan wasa ya raba riguna. Da ya zo kan Mourtala sai ya miƙa masa nimero huɗu.

Mourtala ya juya rigar, ya sake juyawa. Ya ɗauka kuskure ne, har ya yi dariya. Sai ya ga an miƙa nimero tara ga Karim, wani sabon ɗan wasa da aka ɗauko daga Tabelot, wanda ko sunansa bai gama riƙewa ba.

Malam Alkasum ya ce, "Bana a baya za ka buga, gaban Chaibou. In an tashi ka ɗan tsaya, ina son magana da kai."

Chaibou shi ne mai tsaron gida, kuma kapiten ɗin ƙungiya. Ya dubi Mourtala, Mourtala bai dubi kowa ba. Ana tashi ya tayar da motonsa, wato babur, ya bar filin.

Bai zarce gida ba. Wurin Hamidu mai shayi ya nufa, kusa da tasha, inda masu son ƙwallo ke taruwa. Kafin ya iso labari ya riga shi.

Hamidu ya zuba masa shayi, ya rage murya, ya ce ai magana ba ɓoyayya ba ce. Uban Karim babban mai lambu ne a Tabelot, kuma wa ke gyara masa inji? To, an ga buhunan albasa suna shiga gidan Malam Alkasum. Da albasa aka sayi nimero tara.

Mourtala ya yarda da wannan har kwana biyu. A rana ta uku wani direba ya ce masa ba haka ba ne, shugabanni ne suka ga ya kai shekara ashirin da tara, suna son ya yi fushi ya tafi da ƙafarsa ba tare da sun kore shi ba. Wannan ma ya zauna masa daidai.

Bayan mako guda Hamidu ya tuno wani abu. Ya tambayi Mourtala ko ya tuna wani wasan unguwa da aka yi shekara biyar baya, inda alƙalin wasa ya hana masa ƙwallo, shi kuma ya fizge usur daga bakinsa ya jefa bayan katanga, mutane na dariya. Mourtala ya ce ya tuna. Hamidu ya ce to ya sake duban fuskar Malam Alkasum da kyau.

Mourtala ya tuno fuskar. Shi ne kuwa. Shi ne dattijon da ya tsaya a tsakiyar fili ba usur.

Yanzu yana da dalilai uku, kuma ba su jituwa da juna. In albasa ce, to ba ramuwa ba ce. In ramuwa ce, to mene ne na shugabanni a ciki? Yakan kwanta da ɗaya ya tashi da wani. Wata rana ya gaishe da uban Karim a kasuwa da fara'a, don ranar ya tabbata ramuwa ce. Washegari ya gan shi ya ɗauke kai.

Matarsa Zuwaira ta gaji da jin lissafin. Wata safiya tana ɗaura wa 'yarsu Aissa ɗankwali ta ce, "Baban Aissa, mutumin nan fa a garin nan yake. Ka je ka tambaye shi mana."

Ya ce, "Ni zan je? Shi ya cire ni, shi zai zo ya yi mini bayani."

Aka fara wasanni. Nan ruɗewar Mourtala ta ƙaru, don abin da ya yi tsammani bai faru ba. Ya zaci ƙungiya za ta sha kashi har a zo a roƙe shi ya koma gaba. Sai suka ci wasan farko ɗaya da babu. Suka ci na biyu. Suka je Arlit suka yi kunnen doki, ba a zura musu ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, ba da son ransa yake buga wasa mai kyau ba. Yakan shiga fili da niyyar yin sanyi-sanyi, amma da ya ga ɗan gaban abokan hamayya ya karkata kafaɗa, sai ya san inda zai bi, don shi ma nan zai bi. Kafin ya yi shawara da zuciyarsa, ƙafarsa ta riga ta kai wurin ta ɗauke ƙwallon.

In Karim ya ci, filin ya ɗauki ihu, Mourtala yakan tsaya a baya bai san yadda zai yi da hannuwansa ba. Ya tafa? Ƙungiyarsa ce ta ci. Ya ƙi tafawa? Rigarsa ce ta ci ba shi a ciki. Mai sharhin rediyon gari ya fara kiransa katangar Jimina, shi kuwa ya kasa gane yabo ne ko ba'a.

Sai kuma halin Malam Alkasum. Ba ya ɗaure masa fuska, ba ya yi masa tsawa. Wata rana ma ya aiko Chaibou da kwandon lemun Timia, da saƙon cewa in Mourtala ya samu sarari ya biyo wurin aikinsa su sha shayi. Mourtala ya zauna yana kallon lemun. Mai ramuwa yana aiko da lemu? Ya kai wa Hamidu maganar, Hamidu ya ce alhaki ne ke cin dattijon, yana son rufe masa baki. Mourtala ya aika cewa ba shi da lokaci. Aissa ce ta shanye lemun.

Da kaka ta yi nisa, ƙungiyoyi biyu suka ware a sama: Jimina da wata ƙungiya ta Tahoua. Nasara puwan uku ce, wato maki uku, kunnen doki puwan ɗaya, kuma wadda ta zo ta ɗaya ce kaɗai za ta hau rukuni na ɗaya. Jimina na gaba da puwan ɗaya tak. Wasa na gaba kuwa a Tahoua ne, gidan abokan hamayyar. Garin Agadez bai taɓa kusantar hawa haka ba, har masu kabu-kabu suka fara ɗaura ƙyallen ƙungiya a madubi.

Ana saura kwana huɗu, Karim ya gurɗe a idon sawu wurin horo.

Mourtala ya ji tausayinsa, amma a ƙasan zuciyarsa wani abu ya yi sanyi. Yau dai ba makawa. Ba wani ɗan gaba a ƙungiyar da ya kama ƙafarsa. Ya koma gida har yana raha da Zuwaira.

Ranar Alhamis Malam Alkasum ya karanta sunayen waɗanda za su buga. Ya sa wani ɗan tsakiya a gaba. Mourtala, nimero huɗu, a baya.

Ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a gaban jama'a. Ashe ko ba Karim ba za a ba shi. To ba albasa ba ce ke nan. Ramuwa ce, ya ce a ransa, ramuwa ce tsantsa.

Ranar Asabar da hantsi, kar ɗin ƙungiya, wato babbar motar da za ta kai su, na tsaye ana loda kaya, Mourtala ya kira Chaibou a salula. Ya sassauta murya ya ce masassara ta kwantar da shi, ko tsayuwa ba ya iyawa. Chaibou ya yi masa sannu, ya ce Allah ya sawwaƙe. Kar ya tafi.

Zaman ɗaki ya gundure shi kafin azahar. Ya naɗa rawani ya rufe fuska, ya bi ta lungu zuwa wurin Hamidu, ya zauna daga ciki inda ba a gani daga titi. Ya sha shayi har zagaye uku, ya ce wa Hamidu kada ya gaya wa kowa. Hamidu ya dafa ƙirji.

Ranar Lahadi ya kunna rediyo a tsakar gida. Ya gaya wa kansa yana son su sha kashi, don a san darajarsa. Minti ashirin da fara wasa aka zura wa Jimina ta farko, ta daidai wurin da yakan tsaya. Amma bai ji daɗin da ya zata ba. Ya sami kansa a tsaye yana yi wa rediyo magana, yana cewa a rufe hagu, a rufe hagu. Aka zura ta biyu bayan hutun rabin lokaci, ta wurin dai. Biyu da babu aka tashi. Tahoua ta wuce gaba da puwan biyu.

Ya zauna bai san abin da yake ji ba. Abin da ya roƙa ne ya samu, amma ya kasa cin tuwon da Zuwaira ta ajiye masa.

Ranar Talata da yamma 'yan wasa suka zo duba shi, su goma sha, har da Karim yana ɗingishi. Mourtala ya yi maza ya ja bargo cikin wannan zafi. Suka zauna a kan tabarma, suka yi masa sannu ɗaya bayan ɗaya, suka yi addu'a. Ba wanda ya ɗaga maganar wasa. Chaibou ya tambayi Zuwaira ko ya samu ya ci wani abu, ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi.

Da suka tafi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yau na yi ƙarya saboda kai a gaban baƙi. Ba zan ƙara ba. Ko ka je wurin dattijon nan, ko ka daina kawo mini zancensa cikin gida."

Washegari da safe ya tafi.

Ya iske Malam Alkasum a durƙushe gaban wani inji da aka kwance, ƙusoshi jere a kan buhu. Suka gaisa. Dattijon ya tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Malam Alkasum ya dube shi, ya ci gaba da goge ƙarfen da ke hannunsa.

Mourtala ya ce, "Malam, in don usur ɗin nan ne, ka yi haƙuri. Ƙuruciya ce."

"Wane usur?"

Ya tuna masa. Dattijon ya yi nazari, can sai ya yi murmushi. "Ashe kai ne? Na san wani ya yi, amma na manta ko wane. Usur ɗin ma na aro ne."

Wata biyar Mourtala yana ɗauke da wannan magana a ƙirji. Ya yi ƙarfin hali ya ce, "To albasar Tabelot?"

Malam Alkasum ya ajiye ƙarfen. Ya ce albasa kam ana kawo masa, duk wanda ya gyara wa inji yakan kawo, in yana so ya ɗebi rabin buhu yanzu, ta yi masa yawa. Sannan ya nuna masa wani gwangwani ya ce ya zauna.

Ya ce shekara uku yana zuwa kallo a matsayin ɗan kallo kawai. Kowace kaka Mourtala na cin ƙwallo sha biyar, ana zura wa ƙungiya talatin. Wanda zai ci ƙwallo ba ya wuyar samu, ko Karim in an ba shi sau biyar zai ci ɗaya. Abin da babu shi ne wanda ya san tunanin ɗan gaba tun kafin ya motsa.

"Na duba 'yan wasan ekip ɗin nan kaf, kai kaɗai ke da wannan ido. Ban mai da kai baya don ka gaza ba. Na ɗauki wanda ya fi kowa na kai shi inda ciwon yake. Ranar Tahoua kuwa, kunnen doki ya ishe mu. In na kai ka gaba, wa zai tsare?"

Mourtala ya ce a hankali, "Me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Ranar farko na ce ka tsaya, ka tafi. Na aika Chaibou, ka ce ba ka da lokaci. Amma ni ma ina da nawa laifin. Na san gidanku. Na ce a raina ni ne babba, ba zan bi yaro ba. Ka ga inda ya kai mu."

Kalmar ta zo har bakin Mourtala, kamar zai faɗi gaskiyar masassarar. Ya haɗiye ta. Ya yi godiya ya fita, kansa ya fi nauyi fiye da yadda ya shigo.

Wasa huɗu suka rage. Mourtala ya buga su kamar ransa ke kai. Ya fara magana a fili, yana jan na hagu, yana tura na dama. Suka ci uku a jere, amma Tahoua ma ta ci ukunta. Tazarar puwan biyu ta ƙi motsi.

Ranar ƙarshe Jimina na wasa a gida, Tahoua kuma tana Arlit. Sai Jimina ta ci, Tahoua ta faɗi, sannan a hau. Filin ya cika har kan katanga. Karim ya ci ƙwallo kafin hutu, wannan karon Mourtala ya ruga tun daga baya ya rungume shi. Ana saura minti biyar wani ɗan gaba ya wuce Chaibou, ƙwallo na gangarawa raga, Mourtala ya zame ya fitar da ita daga kan layi, gwiwarsa ta saɓule.

Ana busa tashi sai wani ya ɗaga salula daga cikin 'yan kallo yana cewa an ci Tahoua a Arlit. Maganar ta bi filin kamar wuta. Jama'a suka tsallako, aka ɗaga 'yan wasa sama, mata na guɗa, motoci na ƙaho a waje. Mourtala na bisa kafaɗun mutane yana kuka, yana cewa a ransa Allah ya rufa masa asiri.

Daga can sama ya hango Malam Alkasum a gefen fili, salula a kunne, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. Ba ya murna.

Sai labari na biyu ya fara zagayawa. Wasu na cewa an ci Tahoua, wasu na cewa kunnen doki ne, wasu na cewa ba a ma tashi ba. Rabin fili na rawa, rabi na tsaye suna duban juna. Waɗanda ke ɗauke da Mourtala suka sauke shi a hankali.

Gaskiyar ita ce an fara cin Tahoua ɗaya, daga nan layin salula ya yanke. Kafin ya dawo sun rama, sun ƙara. Biyu da ɗaya. Su suka hau.

'Yan wasa suka shiga ɗakin canza kaya. Kowa ya san lissafin, ba sai an faɗa ba: da kunnen doki aka yi a Tahoua, da yau Jimina ce a sama da puwan ɗaya.

Mourtala ya miƙe, jini na bin ƙafarsa. Ya ce yana da magana. Ya ce ranar Tahoua lafiyarsa ƙalau, fushi ne ya hana shi hawa kar. Ya ce wahalar shekara guda ta mutum ashirin, da ta garin nan duka, shi ya zubar da ita, su yi masa duk hukuncin da suka ga dama.

Ya jira zagi. Ba wanda ya motsa.

Chaibou ya cire safar hannunsa ya ce, "Mun sani."

Mourtala ya ɗago.

"Tun ba mu kai Abalak ba labari ya iso mu. Hamidu ya gaya wa duk wanda ya sha shayi ranar. Malam ya ce kada wanda ya yi maka maganar, sai ka faɗa da bakinka."

"To me ya sa kuka zo duba ni?"

"Ai ba ka da lafiyar," in ji Chaibou. "Ba dai masassara ba ce."

Mourtala ya koma ya zauna, ya rufe fuska da rigarsa. Karim ne ya fara tasowa ya dafa kafaɗarsa, sannan sauran suka biyo, wasu da sauri, wasu sai da suka ɗan jima. Biyu daga cikinsu ba su taso ba sam, kuma bai ga laifinsu ba.

Har yau Jiminar Abzin tana rukuni na biyu. Shugabanni sun dakatar da Mourtala wasa uku a farkon kakar bana, ya karɓa ba musu. Wasannin ukun nan duk ya je, ya zauna a gefen fili cikin rana, yana ɗaukar wa abokansa ruwa.

Darasi: Idan abu ya ɗaure maka kai game da wani, je ka tambaye shi da bakinka, kada girman kai ya tura ka wurin masu ba da labarin abin da ba su sani ba. Tambayar minti biyar da Mourtala ya ƙi yi ta jawo wa gari guda asarar shekara, kuma neman gafara, duk kyansa, bai dawo da puwan biyun nan ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda ke fushi da wani yau a kan dalilin da babu shi.